Wasan da Anka Tsayar a Bakin Gulbi

Ku da kuke zuwa ƙofar gidan nan da wayoyinku, kuna kunna min abin da kunka haɗa tsakanin azahar da la'asar, ba raina ku nake ba. Na ji, kuma akwai daɗi. Amma in kunka ce aikin da na yi shi ne wanga, na'ura kawai na rasa, to nan ne ba mu daidaita ba. Ni ban taɓa zama mawaƙi ba, muryata ba wadda ake tsayawa a saurara ba ce. Sana'ata tsara waƙa da kiɗan wasan kwaikwayo. A kawo min labari, in raba shi bakin mutane, kowa da karin da ya dace da halinsa. Marowaci da nasa, mai jego da nata. In san inda kalangu zai shigo, in san inda za a yi tsit a bar goge shi kaɗai. Ba a rubuce muke yi ba. Kan mutane ne ma'ajiyarmu, kuma mutane suna tafiya.

A Argungu na koya, hannun Baba Manu mai goge. Ubana masunci ne, ya so in riƙi homa, ragar kamun kifi, da gora kamar 'yan'uwana, amma da ya ga kullum ina gindin rumfar Baba Manu sai ya kai ni da kansa. Na ɗauka goge za a miƙo min. Izga anka miƙo min, wato gashin wutsiyar doki da ake yi wa goge tsirkiya, in zauna in tsince shi sili-sili. Na ingarma ake so, na goɗiya ba ya ƙarko. Daga nan sai neman ƙaron hano da ake goga wa izgar don ta kama, sai jiƙa fatar guza a ɗaure bakin ƙoƙo. Da damina fatar takan saki, muryar goge ta dushe kamar mai mura, sai an kanga ta kusa da garwashi. Ka matsa da yawa ta tsage, aikin da ka daɗe kana yi ya tafi.

Da na iya wannan sai Baba Manu ya fara aike na mashaya, ba don in ɗebo ruwa ba. "Tahi ka jiyo min yadda mata ka kiran ɗiyansu," in ji shi. In dawo in kwaikwaya, ya ce ban ji ba, in koma. A hankali na gane abin da yake nufi. Uwar da ke kiran ɗan da take gani, daban take jan sunan. Wadda ba ta ga nata ba, kuma ruwa ya kawo, daban take ja. Duk waƙar da na tsara a rayuwata daga bakin mashayar nan ta fito.

Waƙar farko da ya bar ni na ɗora wa kari ta wata mata ce a cikin wani wasa, wadda ɗanta ya rasu. Akwai inda take cewa a bar ta da kuka. Na yi karin ya sauko a ƙarshen kalmar, don a ganina saukowa ita ce baƙin ciki. Baba Manu ya saurara har ƙarshe, ya aje goge, ya ce, "To, a kawo mata tuwo." Ban gane ba. Ya ce, "Ummaru, kukan ido sama yaka tsayawa. Kai ka sauko da shi, ka ba ta kukar miya." Wannan ne abin da na'urarku ba ta gaya muku. Hausa tana da nata hawa da sauka tun kafin ka zo da naka. In karinka ya yi gardama da kalma, kalma ce ke cin nasara, jama'a su yi dariya inda ka so su yi hawaye.

Masu ba mu aiki galibi ofisoshi ne. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, komai daga can ake aiko shi: a yi wasa kan rigakafi, a yi wasa kan sa yara makaranta, a yi wasa kan tafasa ruwan sha. Na tuna wanda munka yi na takin zamani a dandalin Zauro. Malamin gona ya dage sai an rera yadda ake sa shi daki-daki, a tona ɗan rami nesa da gindin shuka, a zuba kaɗan, a rufe. Ku gwada sa wannan a waƙa ku ji. Na sha wuya kafin na gane in ɗora shi kan bugun taɓarya, tona, zuba, rufe, yadda mata biyu ke karɓa wa juna a turmi. Munka je da a-kori-kura da lasifika da batirin mota, munka yi wasa bayan la'asar. Shekaru bayan nan in na bi ta fadama nakan ji manoma suna rera waƙar, ba wanda ya san daga ina ta fito. Malamin gonar nan shi ne mai kyau cikin masu ba da aiki. Akwai wanda zai zo ana shirin farawa ya ce a cusa sunan mai gidansa cikin waƙar jana'iza, kuma dole ka cusa.

Wani Bature ne ya sa min abin da ya zame min wahala. Yana cikin masu awon fadama, mutumin wata ƙasa da ake ce wa Cek. Ya ga wasanmu, ya sa direbansa ya kai ni masaukinsa a Birnin Kebbi da hantsi, direban na yi mana tafinta. Baturen ya ɗora faifai a garmaho. Na ji mace tana waƙa, namiji ya amsa, taro ya karɓa, goge masu yawa a bayansu. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na san faɗa suke, na san lokacin da sunka shirya. Ya ce wasan kwaikwayo ne, tun daga farko har ƙarshe ba a magana, komai rerawa ake. Ya ce wanda ya tsara shi mutumin ƙasarsu ne na zamanin da, ɗan mai niƙan hatsi, ya bar gida ya tafi wata ƙasa inda manya sunka riƙa rububinsa, daga baya yayinsa ya wuce ya mutu ba shi da komai. Ƙarshen labarin bai dame ni ba a ranar. Abin da na fita da shi shi ne, ashe ana iya cire magana gaba ɗaya.

Da na gaya wa Baba Manu ina son in tsara irinsa sai ya ce, "Mutanenmu ba su zama su ji waƙa wadda ba ta yabon kowa." Amma bai hana ni ba, shi ya fara ja min karin farko ma. Labarin mai sauƙi ne. Masunci ya bi kifi ya gangara gulbi, ya ce wa matarsa zai dawo kafin a yanke shinkafa. Anka yanke, bai dawo ba. Ta yi ta jira, dangi na cewa ta haƙura. A ƙarshe jirginsa ya ɓullo. Kashi na fari tafiya, na biyu jira, na ƙarshe dawowa.

Kulu na samu a masussuka, can Zauro, tana ba da waƙa mata na amsawa. Muryarta ba siririya ba ce irin ta 'yan mata, tana da kauri, kuma tana iya riƙe numfashi har ka fara jin tsoro. Na je wurin mijinta Bawa neman izini. Masunci ne, baƙi dogo, mai yawan dariya. Ya ce, "Malam Ummaru, in ta tahi wa ka ba ni hura?" Da wasa na ce to shi ma ya zo. Ya buɗe baki ya ja baiti ɗaya na waƙar tuƙi, na ce na samu masuncina. Mata da miji sunka zama mata da miji a cikin wasa, ban sha wahalar koya musu kallon juna ba.

Muna gwaji a wani kango a Badariya, gefen Birnin Kebbi, lokacin duk gonakin gero ne kewaye da shi. 'Yan amshi masunta ne da 'yan mata daga ƙungiyar wasa ta ƙaramar hukuma. Waƙar dawowa ta fi cin raina. Murya biyu ce a lokaci guda, ita tana sama tana tambaya, shi yana ƙasa yana ba da amsa, ba mai jiran wani ya gama. Ba mu saba da haka ba. Kulu ta riƙa zamewa ta bi karin Bawa, shi kuma ya tsaya yana dariya. Sai na raba su, ita a wannan kusurwa, shi a waccan, kowa ya haddace nasa da kalangu a kunne, sannan na riƙa matso da su kaɗan-kaɗan. Ranar da waƙar ta zauna daidai, Baba Manu ya sa an maimaita, ya sake sa an maimaita. Jami'in al'adu, Malam Aliyu, ya zo ya ji kashi na fari ya ce za a sa mu a bikin kamun kifi na Argungu, gaban baƙi.

Sai ruwa ya ɗauke. Kun ji ana faɗin shekarar fari, amma ji daban ne. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Gulbin nan namu na Argungu ya koma rairayi da 'yan kududdufai, yara na tsallakawa da ƙafa. Anka ɗage biki, don ba ruwan da za a shiga. Ofis ya daina ba da ɗan abin da yake ba 'yan wasa. Mun ci gaba da gwaji duk da haka, kuma a nan na koyi abin da ba malamin da ya koya min: mai jin yunwa ba ya riƙe dogon baiti. 'Yan amshi su kai tsakiya numfashi ya yanke. Na zauna na rage tsawon layuka, na ƙara wurin shaƙar iska, na ba kalangu abin da da murya ke yi. Wasu su zo da garin rogo a ƙulle a gefen zane, a jiƙa a raba kafin a fara. Izga ma ta gagara, dawakin an sayar, waɗanda sunka rage wutsiyarsu ta kakkarye. Munka ɗaura zaren nailan na kamun kifi. Gogen yana kuka, amma kamar ƙofar kwano.

Masunta sunka fara tafiya, yau ɗaya gobe biyu, wasu Yawuri, wasu kudu. Bawa ya daɗe yana turjewa. Ranar da zai tafi ya biyo ta kangon da ƙunshin kayansa, zai hau motar albasa. Ya ce, "Malam, kar ka ba kowa wurina. Da ruwa ya sauka ka gan ni." Na ce wurinsa na nan. Kafin ruwan ya sauka Baba Manu ya kwanta, ciwon ciki, jiki kuma ba abin da zai yi faɗa da shi. Munka kai shi makwanci da hantsi. Abin da ke kansa na kiɗan kashi na biyu, rabi na kama, rabi ya tafi da shi.

Damina ta dawo, gulbi ya kawo, wasu cikin matafiya sunka dawo. Bawa bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi yana dako a wata tasha a kudu, wani ya ce a'a, ya haye ƙasar waje da masu jirgi. Da Malam Aliyu ya aiko cewa bana za a yi biki, mu shirya, na je Zauro da nauyin baki. Kulu ta ce za ta yi. Ta ce, "Wa ya sani ko shi ji labari shi taho." Na sa wani malamin firamare mai suna Shehu a wurin Bawa. Yana da ƙoƙari, ya haddace komai, sai dai muryarsa ba ta da ƙasa. Goge kuwa ni na riƙe da kaina.

Ranar wasan, bayan la'asar ne, a filin da ke bakin gulbi. Baƙi daga Sakkwato suna cikin rumfa a kan kujeru, jama'ar gari a tsaye bayan igiya, mata a gefe guda sun yi cincirindo. Kashi na fari ya tafi lafiya. Da mutane sunka gane ba za a yi magana ba sam, sai surutu ya kwanta. Har dariya anka yi inda matar ke lissafa wa mijin abin da zai sayo mata. Sannan anka janye jirgin kara da munka yi, kalangu ya yi shiru, Kulu ta fito ita kaɗai ta tsaya tana duban ruwa. Na ja goge. Ta fara:

An yanke shinkafa, an ɗaure dami,
Kowa ya shigo da nasa gida.
Mai jirgi, tsaya in tambaye ka,
Can inda ka fito, ba ka ga nawa ba?

Ta ja kalmar ƙarshe yadda uwar da ba ta ga ɗanta ba take ja. Ban ga wadda ta fara ba. Daga ɓangaren mata na ji wata ta rushe da kuka, ba na kallon wasa ba, na gidan mutuwa. Wata ta kira sunan namiji da ƙarfi. Wata ta kira wani sunan. Kafin Kulu ta kai baiti na uku abin ya bi layin matan nan gaba ɗaya, wasu sun zauna a ƙasa sun rufe kai da mayafi. Lokacin da na tsara waƙar nan, matar masunci guda ɗaya na sani, ta cikin labari. Fari ya zo ya cika garin da irinta.

Baƙi sunka fara waige-waige. Na ga babban cikinsu ya karkata yana tambayar na kusa da shi. Malam Aliyu ya taso da sauri, babbar rigarsa na jan ƙasa, ya tsaya kaina.

"Ummaru, mi ne ne wanga?"

Ban daina ja ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, saura kaɗan. Yanzu mijin za shi dawo, kowa shi yi murna."

"Baƙi munka tara ko zaman makoki? Tsaya da shi!"

"Don Allah a bari ta kai ƙarshe. Kashi ɗaya ya rage."

Malam Aliyu ya juya. Ya ɗaga wa mai lasifika hannu, anka zare waya. Muryar Kulu ta faɗo ta koma ta mutum ɗaya a fili mai faɗi. Ta ƙara layi ɗaya a haka, sannan makaɗan rawa da anka tura sunka shigo da ganguna ta gabanta. Shehu na tsaye bayan zana da sandar tuƙi a hannu, yana jiran alamar da zan ba shi ya fito. Ban ba shi ba.

Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ce na yi laifi. Kira ne kawai ya daina zuwa. In an tambaya sai a ce, ai shi ne wanda ya sa mata kuka gaban baƙi. Ofisoshin ma sunka gano ba sai sun ɗauki mutane a mota ba, kaset ɗaya da lasifika ya isa a zagaya ƙauyuka. Gidajen kallon bidiyo sunka buɗe, yaran da da ke cika dandali sunka koma can. Da anka ba mu jiharmu na ɗauka abin zai farfaɗo, tunda yanzu ofishin a Birnin Kebbi yake, ba sai an je Sakkwato ba. Na sa rigata mai kyau na je. Wani saurayi mai ladabi ya saurare ni har na gama, ya ce abin da ake bukata yanzu waƙar taya murna ce, da fiyano, kuma an riga an ba wani. Daga nan na koma kasuwa ina tsare wa wani ɗan'uwana rumfar albasa. 'Yan amshina kuwa, masu mutuwa sun mutu, 'yan matan sun yi aure sun watse. Shehu ya samu canjin wurin aiki, da munka haɗu bayan shekaru ko layin farko bai iya tunawa ba.

Ya rage ni da Kulu. Ni ina da karin matar da na mijin duka biyu a kai, amma ba ni da murya. Sai na yi shawarar ko a kaset ne a ɗauki waƙar dawowa, ita ta yi nata, ni in yi gunagunin na mijin daga ƙasa, don dai a san an taɓa yin ta. Na ari rediyo mai ɗaukar magana wurin maƙwabcina a Gesse, unguwarmu a Birnin Kebbi, da sabon kaset, na hau mota zuwa Zauro.

Na same ta a tsakar gida tana turara shinkafa a rabin garwa, hayaƙi na shiga mata ido. Ta tsufa, amma da ta yi min sannu da zuwa na ji muryar na nan. Ba ta sake aure ba. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, munka gaisa, munka yi ta'aziyyar waɗanda sunka rasu. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dubi rediyon, ta ci gaba da juya shinkafarta.

"Ta jira kaka so, Malam? In ita ta, kunna. Ko barci nike ina iya yin ta."

Na ce, "Ta jira an ji ta. Ta dawowa nika so, Kulu. Ba wanda ya taɓa jin ta sai mu."

"Ban mance ta ba," in ji ta. "Ko kalma guda ban mance ba."

"To mu yi. Ni in riƙe wurin Bawa."

Ta aje muciya. Ta ce, "Kai da bakinka ka ce mai wurinshi na nan. Ni da shi munka koye ta, shi can kusurwa, ni nan. In ya zo mu yi maka, ko ba rediyo."

Ta auno min shinkafa a ƙwarya ta juye a buhuna, ta rako ni har bakin zaure, ta ce in gaida gida. Da na iso Gesse na miƙa wa maƙwabcina rediyonsa, da kaset ɗin a cikin ledarsa ba a ɓare ba.